Jagora ga Ɗan Jaridar da Zai Ɗauko Labari Inda Ake Harbi a Sudan

Tun daga safiyar Asabar 15 ga Afrilu 2023, lokacin da faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun Da'am Sari', wato rundunar RSF, na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidti, aikin jarida a ƙasar nan ya sauya kama. Jaridun da ake bugawa a Khartum sun tsaya cik, an mamaye ginin rediyo da talabijin na ƙasa da ke Omdurman, ƙwararrun ma'aikata da yawa kuma suka tsallaka zuwa Alƙahira da Kampala da Nairobi. Giɓin da suka bari samari ne suka cike shi da wayoyin hannu, cikinsu har da 'ya'yanmu Hausawa na Gadarif da Kassala da Damazin da Maiwurno, waɗanda ke aika murya da hoto ga kafofin Hausa na waje, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu yadda ake komawa gida da rai. Saboda su na rubuta wannan jagora. A iya abin da na gani, babban haɗarin ɗan jarida a wannan yaƙi yana cikin yadda mai bindiga zai fassara fuskarsa da sunansa da abin da ke cikin wayarsa, kuma duka ukun tun a gida ake shirya musu.

Mataki na farko: ka daidaita da wanda ya aike ka

Kafin ka ɗaura takalmi, ka tambayi editanka abu uku, kuma ka nemi amsa a rubuce: wa zai biya kuɗin magani idan ka ji rauni, wa zai yi magana da yawunka idan aka tsare ka, kuma ko kana da ikon juyowa daga hanya ba tare da an zaftare maka kuɗin aiki ba. Wanda ya kasa amsa waɗannan bai cancanci ka shiga Omdurman ko Kurdufan dominsa ba, komai girman sunan gidansa. Akasarin samarinmu 'yan ga-ruwa ne a wannan sana'a, ana biyansu bisa rahoton da aka watsa, kuma wannan tsari ne ke tura mutum ya matsa kusa da wuta, domin hoton da aka ɗauko daga nesa ba ya sayuwa.

Daga nan ka zaɓi mutum ɗaya mai sanyin kai, wanda yake zaune inda akwai layin waya, ka ba shi hanyar da za ka bi, da sunan direba, da lambar mota, da lokutan da za ka riƙa taɓo shi. Ku yi yarjejeniya cewa idan ya shafe awa kaza bai ji ka ba, ga wanda zai fara kira, ga wanda zai bi baya. Ka bar masa hoton takardunka, da rukunin jininka, da wata tambaya da kai kaɗai ka san amsarta, kamar sunan akuyar da kakarka ta ba ka kana yaro, domin da ita za a tabbatar kana raye idan masu neman kuɗin fansa suka kira gida.

Mataki na biyu: takardu da kamanni

A nan Bahaushe yake da matsalar da abokin aikinsa na Shandi ko Atbara, garuruwan arewa da Khartum, ba shi da ita. Kakanninmu sun zauna a bakin Shuɗin Nilu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu ma sun riga su a kan hanyar aikin hajji, amma har gobe akwai matashin da zai tsaya a shinge da bindiga, ya ji lafazin Larabcinka, ya ce kai baƙo ne. Tun da aka fara zargin cewa akwai mayaƙa daga Chadi da Nijar a cikin Da'am Sari', wannan tsohuwar tuhuma ta sami haƙora. A yankunan soja ana tsare mutane bisa abin da jama'a ke kira dokar baƙuwar fuska, wato fuskar da ba a sani ba a wurin, ana ce musu muta'awin, wato masu haɗa baki da abokan gaba. A yankunan Da'ama kuma, wato Da'am Sari', mai kyamara ɗan leƙen asirin soja ne ko ɗan fulul, ragowar gwamnatin Bashir, har sai ya tabbatar da akasin haka. Tsakanin waɗannan tuhumomi biyu za ka bi.

Saboda haka takardar rakam watani, wato lambar ɗan ƙasa, kada ta rabu da jikinka, ka kuma ajiye kwafinta a wani aljihun daban. Ka haddace sunan omda, wato dagaci, ko shehun unguwarku da na limamin masallacinku, domin tambayar da ke biyo bayan "daga ina kake" ita ce "wa ya san ka". Idan kana da katin Ƙungiyar 'Yan Jaridun Sudan, wadda aka sake kafawa ta hanyar zaɓe a watan Agusta 2022 bayan fiye da shekara 30 babu mai zaman kanta, ka tafi da shi, amma ka yi tunani kafin ka fito da shi. Akwai shingen da katin zai buɗe maka, akwai wanda zai sa a sauke ka daga mota. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙarya: idan aka tambaye ka aikinka kai tsaye, ka faɗa, domin wanda ya ce shi ɗan kasuwa ne sannan aka sami makirufo a jakarsa ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Takardar izinin da wani ɓangare ya ba ka kuwa, kada ta ƙetare tare da kai zuwa yankin ɗaya ɓangaren.

Haka ma kuɗi. Tun da aka sauya takardun jine, kuɗin Sudan, na 500 da 1,000 a ƙarshen 2024 a jihohin da soja ke riƙe da su, Da'ama kuma ta hana amfani da sababbin a yankunanta, irin kuɗin da ke aljihunka ya zama shaidar inda ka fito. Ka tambayi direbobi wane iri ake karɓa inda za ka, ka raba shi wuri uku a jikinka.

Game da sutura, ka guji kaki da duk wani abu mai ruwan ƙasa ko dabbare-dabbaren soja, har da jaka da takalmi, kuma kada ka naɗa kadamul, rawanin da ke rufe fuska, ko da ƙura ta dame ka, domin a yanzu ana danganta shi da mayaƙa. Jallabiya tana sa ka saje da jama'a, amma ba a gudu da ita. Wando da riga marasa ɗaukar ido da takalmi mai igiya sun fi.

Mataki na uku: wayarka

Binciken waya ya zama al'ada a irtikazat, wato shingayen bincike, na kowane ɓangare. Suna buɗe hotuna, da WhatsApp, da Facebook, suna duba manhajar banki ta Bankak su ga nawa ke ciki da wanda ya turo maka, wasu ma sun san su leƙa kwandon hotunan da aka goge. Mafita ita ce waya biyu. Wadda ke ɗauke da rayuwarka da lambobin majiyoyinka ta zauna a gida. Wadda za ka fita da ita ta zama mai ɗan abin da ba zai cutar da kowa ba: hotunan iyali, karatun Alƙur'ani, hirar 'yan'uwa. Kada ta zama fanko tas, domin wayar da babu komai a cikinta ita ma abin tuhuma ce.

Ka cire buɗewa da zanen yatsa ko da fuska, ka koma lambar sirri, tun da yatsa ana iya kama shi a ɗora da ƙarfi. Ka fice daga rukunonin WhatsApp na siyasa da na ƙabila kafin tafiya, domin za a tuhume ka da abin da wani ya tura ko da ba ka taɓa buɗe shi ba. Lambar jami'in soja ko ta kwamandan Da'ama kada ka ajiye ta da muƙaminsa. Ka kashe alamar wuri a kyamara. Duk abin da ka ɗauka ka tura shi da zarar ka sami intanet, ta manhaja mai ɓoye saƙo irin Signal, sannan ka goge shi daga wayar da kuma kwandon.

Intanet ɗin ma ba abin dogaro ba ne. An katse ta fiye da wata guda bayan kisan masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja ranar 3 ga Yuni 2019, an sake katse ta makonni bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, a watan Fabrairu 2024 kuma layuka suka ɗauke a kusan duk ƙasar. A wurare da yawa shagunan Starlink, masu intanet ta tauraron ɗan adam, ne kaɗai hanya, kuma a yankunan Da'ama galibi mayaƙa ne ke da su ko suke karɓar haraji a kansu. Ka ɗauka cewa na kusa da kai yana sauraro, kada ka karanta rahoto da murya a can, ka rubuta shi tun a ɗaki ka je ka tura kawai. Kada kuma ka riƙa watsa labari kai tsaye daga wuri ɗaya kullum. Bincike da shari'ar da aka yi kan kisan 'yar jarida Marie Colvin a Homs ta Siriya a watan Fabrairu 2012 sun nuna cewa an bi diddigin inda 'yan jaridar ke aiko da rahoto kafin a yi wa gidan ruwan wuta.

Mataki na huɗu: hanya da shinge

Direba ya fi kyamara muhimmanci. Ka nemi ɗan hanyar, wanda ya bi ta jiya ko shekaranjiya, kuma wanda ƙabilarsa ba za ta jawo muku magana ba inda za ku. Ku fita da sassafe, ku sauka kafin la'asar sakaliya, dare kuwa ba na tafiya ba ne. Mota mai kyau, musamman Land Cruiser ko sabuwar boksi, wato a-kori-kura, kiran ɓarayi ce a yaƙin da shafshafa, wato wawashe dukiya, ta zama sana'a. Da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, baƙar ƙasar Gadarif da Sinnar tana riƙe mota kwana biyu a wuri ɗaya, don haka ka tanadi ruwa da maganin tace shi da na zazzaɓin cizon sauro, domin kwalara da zazzaɓin dengi sun kwantar da mutanen da harsashi bai taɓa ba.

Idan kun doshi shinge, a rage gudu tun daga nesa, a kashe rediyo, a sauke gilashi, ka cire tabarau, hannuwanka su kasance inda ake ganinsu. Mutum ɗaya ne zai yi magana, kuma zai fi kyau ya zama direba. Ka yi sallama, ka amsa abin da aka tambaye ka kaɗai.

Na taɓa kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. A wani shinge da ke bayan gari, wani yaro da bai kai shekara ashirin ba, sanye da silifa, bindiga rataye a wuya, ya karɓi wayata yana jan hotuna da babban yatsa. Ya tsaya a kan hoton wata gada da na ɗauka wata biyu kafin nan saboda faɗuwar rana ta yi mini kyau a kanta. Ya ce wa ya sa ni ɗaukar gada. Na yi dariya, ina ganin abin bai kai ya kawo ba, sai na ga fuskarsa ta sauya, ya ja da baya taku ɗaya ya gyara riƙon bindiga. Awa huɗu muka yi zaune a ƙasa cikin rana, har sai da wani dattijo mai sayar da gawayi a gefen hanya ya ce ya san mahaifin direbanmu. Gada, da tashar wuta, da hasumiyar sadarwa, da barikin soja, duk wuraren yaƙi ne a idon mai bindiga, kuma dariya a gabansa raini ce.

Mataki na biyar: inda ake musayar wuta

Doka tana tare da kai a takarda. Sashe na 79 na Ƙarin Yarjejeniya ta Farko ta 1977 ga Yarjejeniyoyin Janiba ya ce ɗan jarida farar hula ne matuƙar bai shiga faɗa ba, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya jaddada haka a ƙuduri na 1738 a 2006 da na 2222 a 2015. Amfanin sanin wannan shi ne ka gane abin da ke zubar maka da kariya: riƙe makami ko da na ɗaukar hoto ne, sanya kakin wani ɓangare, ko kai wa mayaƙa bayanin inda abokan gabarsu suke. Amma dokar ba ta hana motar Da'ama take Halima Idris Salim, wakiliyar tashar Sudan Bukra, a wani titin Omdurman a watan Oktoba 2023 tana bakin aiki ba.

Tafiya tare da mayaƙa tana kai ka inda ba za ka iya zuwa kai kaɗai ba, tana kuma mayar da kai wani yanki na abin da ake hari. Ranar 21 ga Maris 2025, da soja suka ƙwace fadar shugaban ƙasa a Khartum, jirgi marar matuƙi ya kashe ma'aikatan talabijin na ƙasa da suka je ɗaukar murnar nasarar a harabar fadar. Wurin da aka ƙwace yanzu-yanzu, wanda ya bar shi ya san kowane lungunsa, kuma ya san za a taru a yi hoto. Ka jira. Haka nan inda dana ta faɗa, wato harsashin igwa, ko musayyara, wato jirgi marar matuƙi, ta jefa bam, kada ka ruga tare da jama'a, domin sau da yawa na biyu yana biyo baya.

Idan ka ji ƙarar dana kana fili, ka kwanta rub da ciki nan take, ka rufe kai da hannu, ka buɗe baki kaɗan. A cikin gida ka nemi ɗakin ƙasa na tsakiya, nesa da taga, inda bango biyu ke tsakaninka da waje. Ƙofar mota da katangar zinki ba sa tare harsashi, ɓangaren inji ne kaɗai ke da ɗan amfani. Sulke mai laushi yana tare ɓaraguzai amma harsashin Kalashnikov yana ratsa shi sai idan da faranti a ciki, kuma a wasu shingayen sulken kansa zai sa a ɗauke ka soja, saboda haka ka auna. A unguwannin da aka bari aka dawo, kada ka taɓa wani ƙarfe da ba ka san shi ba, kada ka bi inda ba sawun mutane.

Mataki na shida: zanga-zanga

Wanda ya ɗauki labarin muwakib, wato jerin gwanon zanga-zanga, na Khartum bayan juyin mulkin 2021 ya san cewa gwangwanin bumban, barkonon tsohuwa, ana harba shi saitin kai da ƙirji, kuma ya kashe mutane. Ka tsaya a gefen taro, kada ka shiga tsakanin jami'an tsaro da masu jifa, ka san lunguna biyu na fita kafin a fara. Idan hayaƙi ya same ka ka nufi inda iska ke fitowa, ka wanke ido da ruwa mai yawa, kada ka murza. Hular kwano ta masu babur ta fi babu. Ga 'yan'uwa mata akwai ƙarin haɗari, domin Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara rahotannin fyaɗe a tarzomar Disamba 2021 da kuma cikin yaƙin nan. Kada ki fita ke kaɗai, ki kuma bar wurin kafin duhu ko da labarin bai ƙare ba.

Mataki na bakwai: idan rikicin na mutanenka ne

Wannan ya fi kowanne wuya. A watan Yuli 2022 faɗa ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, irin su Barta da Hamaj, kan filaye da batun sarautar gargajiya. Sama da mutum 100 suka mutu, dubbai suka bar Rusairis da kewaye, fushin kuma ya kai Kassala inda aka ƙona ofisoshin gwamnati. A watan Oktoba aka sake yi a Wad al-Mahi, aka rasa wajen mutum 200. Ɗan jarida Bahaushe a irin wannan hali yana tsakanin wuta biyu: ɗaya ɓangaren ba zai gan shi ɗan jarida ba, nasa kuma suna jiran ya zama kakakinsu, idan ya ambaci gawar da ba tasu ba su ce ya sayar da su.

Shawarata ita ce kada ka shiga unguwar ɗaya ɓangaren da ƙafarka. Ka haɗa gwiwa da abokin aiki ɗan can, kowa ya ɗauko na wajensa, ku musanya, ku tantance na juna. Adadin matattu ka karɓe shi daga asibiti ko hukumar lafiya ko masu binne gawa, ka kuma faɗi wanda ya ba ka. Bidiyon da aka turo maka a rukunin dangi kada ka yaɗa shi sai ka tabbatar da wuri da rana, domin a kowane rikici ana tono tsofaffin hotuna na wasu ƙasashe a liƙa musu sabon suna, kuma wanda ka watsa da azahar yana iya zama dalilin ƙona wani ƙauye da magariba. Idan baffanka ya kira yana faɗa, ka ce masa, "Baffa, ka yi haƙuri, in na ƙara ko mutum ɗaya a lissafi, gobe ba wanda zai yarda da ni a kan namu na gaskiya."

Mataki na takwas: wanda ya yi maka magana

Kai za ka tafi, shi zai kwana a wurin. Ranar 14 ga Yuni 2023 gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abbakar, ya yi hira da tashar Al-Hadath yana zargin Da'am Sari' da kashe fararen hula a Al-Jinaina, kuma cikin 'yan awoyi aka kama shi aka kashe. Idan haka ta sami gwamna, ka auna matar da ke dafa abinci a takiyya, wato wurin ciyar da jama'a kyauta, ko matashin da ke aikin sa-kai a ɗakin agajin gaggawa na unguwa. Ka gaya wa mutum inda maganarsa za ta fita kafin ka kunna rikoda. Ka sauya suna, ka ɗauki hannu ko baya maimakon fuska, ka duba kada ƙofar gida ko hasumiyar masallaci ta fito a bayansa. Da Hausa ma ba a ɓuya, domin murya da karin harshe sun isa a gane mutum a ƙaramin gari, saboda haka wani lokaci gara ka karanta maganarsa da bakinka.

Mataki na tara: rauni da kamu

Zubar jini daga hannu ko ƙafa yana iya kashe mutum cikin 'yan mintoci. Ka danne wurin da ƙarfi da tsumma mai tsabta. Idan jinin yana tsartuwa bai tsaya ba, ka ɗaure gaɓar da maɗauri mai faɗi kamar santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, ka murɗa har jinin ya tsaya, ka rubuta lokacin, kada kuma ka kwance sai a hannun likita. Ka koyi wannan da hannunka wurin ma'aikacin jinya ko 'yan Hilal Ahmar, wato ƙungiyar agaji ta Red Crescent, kafin ranar buƙata, kuma kayan su zauna a jikinka, kada su zauna a but ɗin mota.

Idan aka kama ka, kada ka yi gardama ko yunƙurin gudu. Ka faɗi sunanka da aikinka da gidan da kake wa aiki, ka tsaya kan magana ɗaya, ka yi ƙoƙari wani ya ga lokacin da aka tafi da kai. A nan mutumin da ka bari a mataki na farko zai fara aiki: ya sanar da ƙungiyar 'yan jarida, da Kwamitin Kare 'Yan Jarida na CPJ, da Kwamitin Red Cross na Duniya, wanda ke da layi na musamman domin 'yan jaridar da suka ɓace ko aka tsare. Ko a yi shela a Facebook ko a bi ta hannun omda da dattawa a asirce, wannan shawara ce da ya kamata ku yanke tun kafin ka fita, domin akwai kamun da surutu ke kwancewa, akwai wanda yake ƙara wa farashi.

Bayan ka dawo, ka sauya lambobin sirrinka duka idan wayar ta taɓa shiga hannun wani, ka kuma sanar da majiyoyin da lambarsu ke ciki. Idan ka ga barci ya ƙaurace maka, ko ƙarar raksha, babur mai ƙafa uku, tana sa ka zabura, ko kana yi wa yara tsawa ba dalili, ka faɗa wa abokin aikin da ya taɓa shiga irin wurin, ko likita, ka kuma ce wa edita ba za ka karɓi wata tafiya ba sai bayan mako biyu ko uku.